Kitse a Hanta: Giya Ba Ita Kaɗai Ce Hanya Ba

Mafi yawan waɗanda ake gaya wa suna da kitse a hanta ba don hantar suka je asibiti ba. Wani ciwon ciki ne ya kai shi, wani tsakuwar ƙoda ake nema, sai mai ɗaukar hoton sikanin ya rubuta a ƙasan takarda cewa hanta ta yi haske fiye da kima, alamar kitse ya taru a cikinta. Abin da ke fara fitowa daga bakin majinyaci shi ne rantsuwa cewa bai taɓa kai giya bakinsa ba. Gaskiya yake faɗa, kuma likitoci sun daɗe da sanin haka. Tun a shekarar 1980 wani likita mai suna Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo da ke Amurka suka bayar da bayanin majinyata 20 waɗanda hantarsu ta yi kama da ta mashaya alhali ba sa sha. Galibinsu masu ƙiba ne, da yawa kuma suna da ciwon sukari. Yau ana kiyasin cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu zuwa uku na manyan duniya yana ɗauke da wannan matsala.

A shekarar 2023 ƙungiyoyin likitocin hanta suka sauya wa cutar suna. Tsohon sunan yana faɗin abin da bai haddasa ta ba ne kawai, wato giya. Sabon kuwa yana ɗora ta a kan rikicewar yadda jiki ke sarrafa sukari da maiƙo. A ganina wannan sauyi ya fi amfani ga mutanenmu, domin a inda yawancin jama'a ba sa shan giya, ambaton ta a cikin sunan ciwo yana sa mutum ya ɗauka ba da shi ake ba.

Tushen lamarin shi ne sinadarin insulin. Aikinsa ya shigar da sukarin jini cikin tsoka da sauran sassan jiki, ya kuma hana kitsen da aka adana narkewa ya malalo cikin jini. Idan jiki ya fara yi wa insulin taurin kai, sai maiƙo ya riƙa kwarara daga kitsen ciki zuwa hanta, ita kuma hantar ta ci gaba da ƙera sabon kitse daga sukarin da ya yi yawa. Da zarar kitsen ya kama fiye da kashi 5 cikin ɗari na ƙwayoyin hanta, an shiga abin da muke magana a kai. Shi ya sa ciwon sukari nau'i na biyu yake kan gaba a cikin abubuwan da ke jawo shi: fiye da rabin masu wannan ciwo suna da kitse a hanta, ko sun sani ko ba su sani ba. Hawan jini da yawan maiƙo a jini su ma 'yan gida ɗaya ne da shi.

Sai tumbi. Ba kowace ƙiba ce haɗarinta ɗaya ba. Kitsen cinya da na ɗuwawu yana zaune ne a ƙarƙashin fata, amma wanda ya lulluɓe hanji jininsa kai tsaye hanta yake zuwa ta babbar jijiyar da ke ɗauko abinci daga hanji. Saboda haka tef ɗin tela ya fi sikeli faɗin gaskiya. A auna zagayen ciki a daidai cibiya ko sama da ita kaɗan: ma'aunin da ake amfani da shi shi ne namiji kada ya wuce santimita 94, mace kuma 80. Mun taso muna ganin teɓa a matsayin shaidar hutu da wadata, har ana taya mutum murna idan ta fito bayan aure ko bayan samun muƙami. Babbar riga tana rufe ta da kyau, amma hanta tana ci gaba da karɓar abin da take zubowa.

A ɓangaren abinci, mutane sukan zargi mai da nama, su bar babban mai laifi yana yawo. Sukarin da muke zubawa a shayi rabinsa wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa mafi yawansa, kuma idan ya zo da yawa a lokaci guda sai ta mayar da shi kitse. Abin sha mai zaƙi shi ne hanya mafi sauri, tunda ba ya ƙosarwa. Lemon kwalba yana da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, wato gora ɗaya mai rabin lita ta kai giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, gara ma ya tsaya a 25. Gora ɗaya ta cinye kason yini ke nan, ba a lissafa shayin safe mai madarar gwangwani ba, ko zoɓo da kunun aya da aka cika da sukari don su yi kasuwa. Hukumar ta saka zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse a cikin wannan lissafi. Cin lemo ko mangwaro ko gwaiba da ɓargonsu daban ne, domin ƙaiƙayin da ke ciki yana rage gudun shigar sukarin. Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta abin sha mai zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Ban ga wanda naira 10 ta hana sayen lemo ba.

Farar shinkafa da burodi da taliya da tuwon gari mai laushi su ma sukari suke komawa, musamman idan aka ci malmala biyu da dare aka kwanta. Kakanninmu sun ci tuwo, amma na gero da dawa ne, kuma sun wuni a gona ko a kan hanya da ƙafa. Mu kuwa daga kujerar ofis ko ta shago sai babur, sai tabarma da waya a hannu.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na mai harhaɗa magunguna, shi ne maganin ƙiba. 'Yan mata da amare, wani lokacin har da uwaye masu son yaro ya yi ɓulɓul, suna sayen ƙwayoyin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe a kemis ko a hannun masu tallan kayan mata. Abin da aka fi samu a ciki shi ne deksametazon ko firednisolon, sau da yawa haɗe da siforoheftadin mai buɗe ciki. Na farko biyun magunguna ne masu ƙarfi da muke bayarwa a asma mai tsanani da cututtukan kumburi, da lissafi da wa'adi. Idan aka sha su wata da watanni, kumatu su cika, wuya da ciki su yi kauri, hannaye da ƙafafu kuwa su sirance saboda tsoka tana zagwanyewa. Sukarin jini ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, hanta ta tara kitse. Wato duk abubuwan da na lissafa a sama an sayo su da kuɗi a cikin leda guda. Wasu haɗe-haɗen ruwa da na gari da ake sayarwa da sunan na gargajiya ma ba a rubuta abin da ke cikinsu ba, kuma wadda ta yi ƙiba cikin sati biyu da irin wannan fuska mai zagaye ya kamata ta yi zargin an zuba irin waɗannan ƙwayoyi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke lokaci guda, domin jiki ya riga ya rage ƙera nasa sinadarin, kuma yankewar gaggawa tana iya jawo faɗuwar jini da suma. Ta zo asibiti a rage mata a hankali. Ba za a yi mata faɗa ba.

Akwai kuma magungunan da likita ke rubutawa da dalili, waɗanda aka san suna iya tara kitse a hanta: tamokzifen na sankarar mama, metotireksat na ciwon gaɓoɓi, amiyodaron na bugun zuciya, balfuroyet na farfaɗiya. Waɗannan amfaninsu ya rinjayi haɗarinsu ga wanda aka rubuta wa, don haka ba a barin su sai da shawarar likita. Abin da ake yi shi ne gwajin hanta lokaci zuwa lokaci.

Siriri ma bai tsira ba. Akwai gado a ciki: a 2008 masu bincike a birnin Dalas na Amurka suka gano wata ƙwayar gado da ke ƙara saurin tara kitse a hanta, wadda ta fi yawa a tsakanin 'yan asalin Latin Amurka, ta kuma yi ƙaranci a tsakanin baƙar fata. Wannan ɗan sassauci ne, amma ba ya kare mai ciwon sukari. Mata masu matsalar ƙurajen ƙwan haihuwa da ke rikita al'ada, da waɗanda al'ada ta ɗauke musu, da masu raunin sinadarin maƙoshi, da masu minshari mai yanke numfashi a barci, duk haɗarinsu ya ɗara na saura.

Yawancin masu kitse a hanta ba za su kai ga lalacewarta ba. A wasu ne kitsen ke haifar da kumburi, kumburin ya bar tabo, tabon ya taru har hanta ta ƙandare, daga nan kuma ƙofar sankara ta buɗe. Abin da ya fi kashe masu wannan matsala ma ciwon zuciya ne da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai a ƙasarmu hanta ba da abokin gaba ɗaya take fama ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. Ga kuma gubar da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara da ba a busar da kyau ba. Hantar da ke ɗauke da ɗaya daga cikin waɗannan, idan aka ƙara mata kitse, nauyi biyu take ja. Duk wanda aka ce yana da kitse a hanta ya nemi gwajin nau'in B da C, kuma idan ba shi da B a yi masa rigakafi.

Magungunan da ake tallatawa da sunan wankin hanta, na kwalba da na ganye, babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa suna cire kitsen, wasunsu ma su ne ke raunata ta. Sai a watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da magani na farko na wannan cuta, shi ma don waɗanda tabo ya riga ya kama ne, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne rage nauyi: kashi 5 cikin ɗari yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi har ya sassauta tabo. Mai kilo 90 yana buƙatar sauke kilo 6 zuwa 9 ke nan, a hankali cikin watanni, da tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Wanda aka ɗora a kan maganin rage maiƙon jini ya ci gaba da sha. Kitse a hanta ba dalilin dainawa ba ne.

Gwajin jini na hanta yana iya fitowa lafiya lau alhali tabo yana nan, sikanin kuma yana nuna kitse ne, ba ya auna tabo da kyau. Akwai wani lissafi mai sauƙi da ake kira FIB-4, wanda ke haɗa shekarun mutum da sakamakon AST da ALT da adadin ƙwayoyin daskarar da jini. Idan ya fito ƙasa da 1.3 haɗarin babban tabo kaɗan ne, sai a maimaita bayan shekara biyu ko uku. Idan ya haura, a nemi ganin likitan hanta. Mai ciwon sukari ko mai tumbi ya roƙi likitansa ya yi masa wannan lissafi a zuwansa na gaba, domin sau da yawa sakamakon da ake buƙata yana nan cikin fayil ɗinsa.