Naman Dila da Danginsa: Ribar Kwana Ɗaya, Hasarar Shekara Guda

Gabatarwa

Ya ɗan'uwa manomi, da kai malamin gona, da zarar an gama girbin dawa da shinkafa, hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe, sai lokacin farauta ya kama. Daga watan Disamba zuwa Maris, duk wanda ya bi hanyar Minna zuwa Bida, ko ta Paiko, ko ta Kuta, zai ga hayaƙin ƙunar daji da samari riƙe da gora, karnuka na biye da su. Ana samo gafiya da gyazbi da zomo, amma a cikin abin da ake kashewa har da dila da tunku da jibda da kyanwar daji. Wasu a dafa a gida, wasu a yi bandarsu ko kilishi a sayar a bakin hanya.

Ra'ayina shi ne, manomin da ya kashe waɗannan namun daji masu cin nama domin ya ci, ya yi hasara sau biyu: ya kori mai gadin gonarsa, sannan ya kai wa iyalinsa naman da ya fi kowane nama haɗari.

Masu gadi ba da lada ba

Hausawa suna yi wa dila kirari da malamin daji saboda wayonsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yawancin abincinsa ƙananan dabbobi ne da ƙwari: ɓeraye, fara, gara, da mushe. Tunku yana cin ɓera da maciji da kunama. Kyanwar daji kuwa kusan ɓera ne abincinta na yau da kullum.

Ka dubi ɓeran nan mai yawan nonuwa, wanda ya fi addabar gonaki da rumbunanmu. Macen tana ɗaukar ciki na kwana 23 ne kacal, kuma takan haifi 'ya'ya 10 zuwa 12 a ciki ɗaya. Shi ne yake tone irin masara da gyaɗa bayan shuka, yake yanke karan shinkafa a fadama, yake shiga rumbu. Shi ne kuma yake ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yake kuma tsananta a lokacin rani. Dabbar da take hayayyafa haka, tarko da guba kaɗai ba su iya mata. Abin da yake rage ta dare da rana shi ne masu farautarta.

A wata ziyarar aiki da na kai wani ƙauye kusa da Minna, wani dattijo ya nuna mini fadamarsa da ɓeraye suka yi wa ɓarna. Ya ce a da, ba a yin dare ba a ji kukan dila ba, yanzu kuwa an yi shekaru bai ji ba. Ban ce rashin dila kaɗai ne ya jawo ɓarnar ba, domin ƙunar daji da barin ciyawa a kan kunya su ma suna da hannu. Amma gonar da ba mai gadi, ɓarawo ba ya jin tsoron shigarta.

Abin da yake ɓoye a cikin naman

Dabbar da take cin nama da mushe, cututtukan abin da ta ci sukan taru a jikinta. Ga uku da ya kamata ka sani.

1. Tsutsar tsoka. Masana suna kiranta Tirikinela. Ƙanana ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, tana kwance a cikin tsokar namun daji masu cin nama, kuma an same ta a jikin dila da jibda a Afirka ta Yamma. Wanda ya ci yakan fara da gudawa da ciwon ciki. Bayan mako biyu ko fiye sai zazzaɓi, da kumburin fatar ido, da ciwon tsoka mai tsanani, wani lokaci har ta taɓa zuciya. Sau da yawa akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Babban abin lura shi ne, shanya nama a rana, ko sa masa gishiri da yaji, ko ƙyafe shi a hayaƙi, ba su da tabbacin kashe ta. Sai zafi ya ratsa har tsakiyar naman, ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. Ko a Amurka, an ga misali a 1995 a jihar Aidaho: wani ya harbe wata dabba dangin damisa, ya jiƙa naman a ruwan gishiri, ya ƙyafe, ya raba wa jama'a, mutum 10 suka kamu. To, ina ga bandar da aka saya a bakin hanya, wadda ba a san yadda aka yi ta ba?

2. Ciwon haukan kare. Dila da tunku suna kamuwa da shi kamar yadda kare yake kamuwa. Yana shiga ta cizo, ko ta miyau da ƙwaƙwalwar dabbar idan suka taɓa rauni a hannun mai fiɗa. Dilan da ya shigo gari da rana tsaka ba ya gudun mutane, ba sa'a ba ce, alamar ciwo ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kuma idan alamunsa suka bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

3. Guba da mushe. Wasu sukan zuba maganin ƙwari a kan mushe domin su kashe kura ko dila, wasu kuma su sa gubar ɓera a gona, dila ya ci ɓeran. Mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ya kashe dabbar. Ka kuma tuna cewa a watan Yulin 2023 an tabbatar da ɓullar cutar saifa, wato antaras, a wata gonar dabbobi a yankin Suleja. Mai cin mushe shi ne na farko da yake isa kan irin wannan gawa.

Hujjojin masu farauta

Za ka ce dila yana kama kaji da 'yan raguna, yana kuma ɓarnar gyaɗa da kankana. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar hasara ba ce ga mai kaji goma. Amma maganinta akurki mai ƙofa, da garken da aka kewaye da ƙaya, da kora dabbobi gida kafin magariba. Kazar da aka rufe ta tsira, ɓeran gona kuwa ba a rufe shi.

Za ka ce nama ya yi tsada. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai naman dila ɗaya ba ya wuce tukunya biyu, jinyar mutum guda kuwa tana iya cinye buhunan dawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Zomo yana haihuwa bayan wata ɗaya da ɗaukar ciki, kuma ganyen gyaɗa da na dankali sun ishe shi. Ana kiwon gyazbi a keji, ga zabi, ga agwagi.

Za ka ce farauta gadon kakanni ce. Haka ne, amma maharban dā suna da sarki da ƙa'ida, kuma a lokacinsu daji yana da faɗi. Malaman mazhabar Malikiyya ma sun karhanta cin naman dabbobi masu farauta. Ta fuskar doka, a 1985 Gwamnatin Tarayya ta hana farauta da cinikin dabbobin da suke fuskantar ƙarewa, irin su zaki da damisa, aka kuma tsananta hukuncin a 2016. Farauta a Gandun Dajin Kainji, wato sassan Borgu da Zugurma, laifi ne.

Shawarwari

1. Kada ka sayi banda ko kilishin naman dajin da ba ka san dabbar ba.
2. Kada ka fiɗe ko ka ci dabbar da ka tsinta a mace, ko wadda take nuna alamar ciwo. Ka sanar da malamin dabbobi.
3. Idan dila ko tunku ko kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.
4. Ka riƙa kai karnukanka a yi musu allurar rigakafin haukan kare.
5. Ka daina ƙunar daji domin farauta. Wuta tana cinye takin ƙasa, tana kuma koro ɓeraye zuwa gidaje.
6. Kai malamin gona, ka sa wannan batu a tarurrukan manoma na bayan girbi, ka gayyaci sarkin maharba da mata, domin su ne masu gyara naman.

Kammalawa

Ɗan'uwa, idan ka ji kukan dila a bayan gonarka, ka bar shi ya yi aikinsa, kai kuma ka rufe kajinka. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana lafiyar iyalanmu, Ya ba mu damina mai albarka, amin.