Sako-sakon Sitiyari: A Fara Gano Cuta Kafin A Ba Da Magani

Daga shekarar 1962 zuwa 1980, masana'antar MG da ke garin Abingdon a Ingila ta ƙera mota ƙirar MGB fiye da rabin miliyan. Ƙaramar mota ce mai gudu, ta shaƙatawa, kuma har yau masu sha'awar tsofaffin motoci suna tattalin ta. To amma tsufa ba ya ƙyale ƙarfe. Ɗaya daga cikin alamominsa shi ne sitiyari ya yi sako-sako, wato direba ya juya shi dama ko hagu amma tayoyi ba su motsa ba. A ra'ayina, babban kuskure a nan shi ne a ɗauki sifana a hau ɗaure-ɗaure tun ba a san inda matsalar take ba.

Da farko a auna. Ƙa'idar binciken lafiyar mota ta Birtaniya ta nuna cewa sitiyari mai faɗin milimita 380, irin wanda ke tura sanda mai haƙora kamar na MGB, kada wasansa ya wuce milimita 13 a gefen da'irar. Ga masu tsohon akwatin sitiyari kuwa, iyakar milimita 75 ce. Ashe ke nan abin da ya zama cuta ga wata mota lafiya ne ga wata.

Bayan awo sai bin diddigi. A tsayar da mota a ƙasa, tayoyi a miƙe. Mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari a hankali, ɗayan ya bi motsin da ido da hannu, gaɓa bayan gaɓa: mahaɗar sandar sitiyari, notocin da suka riƙe gidan sanda mai haƙora, haƙoran kansu, sannan kawunan tayarod da ke tura tayoyi. Duk inda ɓangare ɗaya ya motsa na gaba da shi bai bi ba, nan ɓarakar take.

Daga nan a ɗaga mota da jak, a tokare ta da kyau. A kama taya ta gefe da gefe a girgiza. In ta yi lako-lako, a zargi tayarod. A kama ta sama da ƙasa; in ta motsa, ko dai boris ne, ko kuwa sandar da ƙafar motar ke juyawa a kanta. Yaya za a bambance? Sai wani ya taka birki a sake girgizawa. Idan motsin ya ɓace, boris ne. Idan yana nan, sandar ce. Ɗalibai za su gane wannan dabara, domin ita ce muke koyarwa a ɗakin gwaji: a canza abu ɗaya tak, a bar sauran yadda suke, a ga abin da zai biyo baya.

Wani zai ce bakanike mai gogewa ba ya buƙatar wannan dogon zagaye, ya ɗaure kurum ya huta. Gogewa abar girmamawa ce, amma ga haɗarin. Haƙoran sandar sun fi cinyewa a tsakiya, saboda yawancin tafiya a miƙe ake yin ta. Idan aka matse su don a kashe sako-sakon tsakiya, sitiyari yakan cije a gefe, ya ƙi dawowa bayan an sha kwana. In kuwa tun asali kan tayarod ne ya lalace, ɗaurin bai taɓa shi ba, kuma ranar da ya fice, taya ta daina bin umurnin direba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka babu lokacin gyara kuskure.

Tun daga shekarar 2018, Birtaniya ta ɗauke wa galibin motocin da suka haura shekara 40 wajabcin binciken shekara-shekara, amma ba ta ɗauke wa masu su alhakin lafiyarsu ba. Saboda haka sanin wannan tsari ya zama tilas gare su. Ina kira ga malamai da su kai ɗalibai gareji su ga yadda ake yin sa, ko da a kan wace irin mota ce. Yaron da ya koyi aunawa kafin zato, da gwaji kafin hukunci, ya kama hanyar kimiyya.