Allurar Rago Ba Ta Kunkuru Ba Ce

Jama'a, yau ba zancen gero ko gyaɗa na kawo muku ba. Zancen kunkuru ne. Na san wani zai yi dariya, ya ce malamin gona ya rasa abin faɗi. To, a yi mini haƙuri a ji dalili.

Ana saura mako uku Babbar Salla, wani dattijo maƙwabcinmu a nan Ƙofar Na'isa ya aiko yaro ya kira ni. Na tarar da kunkurunsa kwance a gindin rijiya, wuya a sake, ƙafafu huɗu shimfiɗe, ko na taɓa ba ya janyewa. Kunkurun nan ya fi shekara 30 a gidan. Yana nan aka haifi 'ya'ya, yana nan aka aurar da su, yana nan aka rushe tsohuwar ƙofa a 2010 aka gina sabuwa. Na ce, "Baba, me ya ci?" Ya ce, "Bai ci kome ba, Malam. Tsutsa muka gani a kashinsa. Da mai allura ya zo yi wa raguna, sai na ce ya ɗan tsira masa ragowar." Na ce a kawo mini kwalbar. Da na karanta sunan da ke jikinta, sai jikina ya yi sanyi. Kwana biyu kunkurun ya mutu.

Abin da nake so in faɗa ke nan, kuma a kansa zan tsaya: kada kowa ya ba kunkuru maganin tsutsa na tumaki da ka, tun ba allurar nan mai suna ibamektin ba, wadda aka fi sani da Ivomec. Ga rago magani ce, ga kunkuru dafi ce.

Ba zagin maganin nake yi ba. Tun da aka fara sayar da shi a 1981 ya ceci dabbobi ba iyaka daga tsutsa da ƙazwa, har ya zama maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawo wa mutane. Saboda shi aka ba William Campbell da Satoshi Omura lambar Nobel a 2015. Amma Allah ya yi wa tunkiya wani shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wanda ke tare maganin. Na kunkuru ba ya tare shi. Yana shiga sai ƙafafu su shanye, sa'an nan numfashi ya tsaya. Tun a 1983 waɗansu likitocin dabbobi biyu a Amurka suka buga labarin wannan, bayan sun gwada shi a kan kunkuru iri iri. Sun ga wani kunkurun Afirka, mai zane irin na damisa, abin da bai kai rabin awon tunkiya ba ya isa ya shanye shi. Kuma ba shi da makari. Haka yake ga kififiya ta cikin ruwa.

To, yaya mutum zai gane kunkurunsa yana da tsutsa? Tun da ƙoƙon bayansa ba ya ramewa, ido kaɗai ba ya isa. Ga alamun da za a duba. Ka ɗaga shi ka ji ya yi sakayau, ba nauyi kamar da. Kashinsa ya koma ruwa ruwa, da yauƙi da wari, ko ka ga abinci ya fito bai narke ba. Ya daina cin abin da ya saba so. Idanunsa su faɗa, naman cinyarsa ya zube. Wani lokaci ya yi amai, ko ya yi ta yunƙuri har baya ta fito masa. Amma a lura, in sanyin hunturu ya kama, ko zafin bazara ya tsananta, kunkuru yakan shige rami ya rage ci don kansa. Wannan ba ciwo ba ne. Ma'auni shi ke raba gardama. Ka aza shi bisa sikeli wata wata, ka rubuta. 'Yan kasuwa da akawuna ba sai an koya muku wannan ba.

Abin da ke zama cikin hanjin kunkuru kashi uku ne. Na fari, 'yan ƙananan tsutsotsi farare kamar guntun zare. Kusan kowane kunkuru mai cin ciyawa yana da su, kuma in ba su yi yawa ba, ba su cutar da shi. Na biyu, macijin ciki, mai kama da taliya, wanda tsawonsa kan kai ɗan yatsa ko ya fi. Shi ne mugun, domin in ya taru yana toshe hanji. Na uku, ƙwayoyin da ido ba ya gani sai da madubin likita, su ne kan kawo zawo mai wari. Kowanne da maganinsa, kuma maganin tsutsa ba ya kashe na ukun. Kun ga ashe wanda ya ba da magani bai duba ba, harbi ya yi cikin duhu.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Ka sami sabon kashi na ranar, ka ɗebi kamar cikin cokalin shayi, ka sa a leda mai tsabta, ka kai asibitin dabbobi. Mu na wannan gefe ga na Gwale nan kusa da mu. Can za a dama shi da ruwan gishiri, ƙwayayen tsutsa su taso sama, a duba su a madubi, a san iri, a san yawa. In abin kaɗan ne, kunkurun kuwa yana ci yana yawo, likita zai iya ce maka ka bar shi. In ya kai ga magani, wanda aka fi ba kunkuru shi ne fenbendazol, watau Panacur, ta baki, kuma bisa nauyinsa. Likitoci da yawa sukan auna miligiram 50 ga kowane kilo, su sake bayan mako biyu. Ga ƙwayoyin zawo kuwa metronidazol ake bayarwa, wanda kuka sani da Flagyl. Ban faɗi wannan don ku tafi kanti ku saya ba. Na faɗa ne don ku ga cewa kunkuru mai kilo 2 da mai kilo 40 ba su shan awo ɗaya, kuma shi kansa Panacur in ya wuce kima yana lalata jini. Bayan an gama, a sake kai kashi a tabbata aiki ya yi.

Wani zai ce, "Kunkurun daji wa ke ba shi magani, ga shi yana shekara da shekaru?" Gaskiya ne. Amma na daji yana kashi nan, ya yi kiwo can da nisa, rana ta ƙone abin da ya bari. Na gida fa? Mun tsare shi a lungu taku goma, nan zai yi kashi, nan za a zuba masa abinci a ƙasa. Ƙwan tsutsar ba ya bukatar kowa ya ɗauke shi. Daga kashi sai baki. Kullum yana haɗiyar abin da ya fitar jiya. Mu muka jawo masa, mu ya kamata mu gyara.

Wani kuma zai ce, "Dabbar da ba a ci, ba a tatsa, ita zan kashe wa kuɗi?" Ni kuwa na ce, wa ya tilasta ka ka ajiye ta? Duk abin da ka tsare, hakkinsa yana wuyanka. Sa'an nan ku sani, wannan babban kunkuru namu, wanda ake samu daga Sanagal har ƙasar Habasha, shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya duka, yana kuwa ƙarewa a daji. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar ƙasashe ta hana fitar da wanda aka kamo a daji zuwa waje don ciniki. Wanda ke tsakar gidanka ba abin banza ba ne.

Rigakafi kuwa aikin tsintsiya ne. A kwashe kashinsa kowace safiya. A sa masa abinci a faranti ko bisa dakali, ba a ƙasa ba. A sake masa ruwa kullum, don yana son yin kashi cikin ruwa. In an yi magani, a kankare ƙasar wurin a zuba sabon rairayi, ko a mai da shi wani gefe rana ta gasa tsohon wurin. Abincinsa ciyawa ce da ganye, da ɗan kabewa jefi jefi. Sauran tuwo da shinkafa da mai suna ɓata masa ciki. In ka sayo sabo, ka ware shi har a duba kashinsa kafin ka gama shi da na gida.

Saura abu ɗaya, don 'ya'yanku. Tsutsar kunkuru ba ta zama cikin mutum, amma kashinsa yana ɗauke da ƙwayar salmonela, mai sa zazzaɓi da zawo. Saboda ita Amurka ta hana sayar da kififiya da kunkurun da ba su kai inci 4 ba tun 1975, don yara suna sa su a baki. Duk wanda ya taɓa kunkuru ya wanke hannu da sabulu, kada kuma a bar shi yana shiga madafa ko wurin wanke wanke.

Ina roƙon masu yin allura da masu sayar da magani a kasuwar raguna, in wani ya ce ku tsira wa kunkuru, ku ce a'a, ku nuna masa hanyar asibiti. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Dattijon nan ya ce mini da ya sani, da ya zubar da ragowar a kwata. Yanzu kai ka sani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.