A Bar wa Mai Keke Tuwonsa

Jama'a, wani sabon wa'azi ya shigo gari, masu yin sa kuwa ba malamai ba ne, ba likitoci ba. Daga Unguwar Gano har Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, samarin da ke fita motsa jiki a kan keke da asuba sun shiga gaya wa juna wai tuwo guba ne, shinkafa guba, fura ma guba. Wai duk mai son sauke teɓa ko tsere wa ciwon sukari, sai ya koma nama da ƙwai da man shanu. Ni dai ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

Maganar tsohuwa ce. Tun 1863 wani mai sana'ar binne gawa a Landan, William Banting, ya wallafa ɗan littafi a kanta, Dokta Atkins na Amurka kuma ya sake tono ta a 1972. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ma'auni. Jikin ɗan Adam yana ajiye sukari kimanin rabin kilo a tsoka da hanta, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa wajen giram 3. In ka daina cin sitaci ajiyar nan za ta ƙare, ruwan ya bi ta, ka ga nauyi ya sauka cikin mako guda. Kallon kitse ake yi wa rogo, yawancin abin da ya tafi ruwa ne.

To, wannan ajiyar ita ce man da ƙafa ke ƙonawa in an matsa feda. A 2017 Louise Burke da abokan aikinta a Ostireliya suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa gwanayen tseren sassarfa. Waɗanda aka hana wa sitaci mako uku ba su ƙara sauri ba, sauran kuwa sun ƙara. Mahayan babban tseren keke na Faransa ma suna tafe suna cin shinkafa da kayan zaƙi.

Na sani rage sitaci yana saukar da sukarin jini ga mai ciwon, amma wannan aikin likita ne, Asibitin Malam Aminu Kano kuwa ga shi nan kusa. Wanda ke yin allurar insulin ya yanke tuwo da kansa, sannan ya hau keke, jiri na iya kayar da shi a tsakiyar Titin Zariya. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Shi kuma talakan da keke ne jarinsa, ina ya ga kuɗin nama sau uku a yini?

Masu laifin na nan a fili: lemon kwalba, da shayin da aka maƙare da sukari, da zaman majalisa tun daga la'asar har dare. A yaƙi waɗannan. A rage malmala, a yawaita miya da wake da zogale, a bar wa mai keke tuwonsa. Allah Ya ba mu lafiya, amin.