Ƙubba Ba Ta Yanke Hukunci

Jihar Teksas ta Amurka tana da gundumomi 254, kowace da ginin kotunta, galibi a tsakiyar dandalin gari. Akwai masu ɗaukar mota su bi su ɗaya bayan ɗaya, suna ƙirga ƙubbobi da ginshiƙai, suna ɗaukar hoto su wuce. Tun 1999 jihar take kashe kuɗi wajen gyara waɗannan gine-gine. Ba na ƙin gyaran, ba na ƙin tafiyar. Abin da na ƙi shi ne ziyarar da ta tsaya a kan dutse, ta ƙi tambayar abin da aka aikata a cikinsa.

A duba kotun gundumar McLennan da ke Waco, wadda J. Riely Gordon ya zana. A saman ƙubbarta akwai mutum-mutumin Themis, alamar adalci a wurin Girkawa. A ƙarƙashin wannan ƙubba, ranar 15 ga Mayu, 1916, masu taya alƙali yanke hukunci suka ɗauki minti huɗu kacal suka tabbatar da laifi a kan Jesse Washington, baƙar fata ɗan shekara 17. Nan take taron jama'a ya fizge shi daga zauren, aka ƙone shi a bainar dubban 'yan kallo. A Sherman kuwa, a 1930, kotun kanta aka cinna wa wuta domin a kai ga George Hughes da ake tsare da shi a ciki.

Za a ce mini magini ba shi da laifi, kuma kyau kyau ne. Gaskiya ne, amma kotu ba gidan kallo ba ce. An ɗaga ginshiƙanta ne domin a yi wa talaka alkawari cewa doka ta fi ƙarfin taro. Kyan alkawari kuwa cikawa. Wanda ya yabi alkawarin, ya kau da kai daga saɓa shi, ya taya masu son a manta.

Garin Sumner na Misisipi ya nuna hanya. A kotunsa aka wanke makasan Emmett Till a 1955, kuma an mayar da zauren yadda yake a wancan lokaci domin baƙo ya zauna ya ji abin da ya faru. Matafiyi ya ɗauki hoton ƙubba, ban hana shi ba. Amma ya shiga ciki, ya tambayi wa aka yi wa shari'a a nan, kuma wa aka hana.