FILIN LAFIYAR IYALI: Zafin kwanciyar aure bayan yankewar haila ga mace mai ƙwayar ƙanjamau

Maganar wannan fitowa tana cikin maganganun da kunya ke dannewa a ciki, alhali malamai sun daɗe da karantar da mu cewa kunya ba ta hana neman sani a kan addini da lafiya. Matambayi kuwa ba ya ɓata.

Za mu dubi al'amarin ne ta wajen ƴan'uwanmu Hausawan Sudan, mazauna Damazin da Rusairis da ƙauyukan da ke jere a gaɓar kogin Nilul Azraƙ, har zuwa Mai Wurno da gonakin Jazira. Kakanninsu sun sauka can a kan hanyar hajji, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903. Harshenmu ɗaya, kawaicinmu ɗaya, saboda haka abin da ya dami mace a Damazin shi ne ya dami ƴar'uwarta a Maraɗi ko Katsina.

A da, macen da aka ce tana ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, wadda ake kira sida, ba ta sa ran ganin jikoki. Yau, da ikon Allah, wadda take shan magani kullum tana kaiwa hamsin da sittin cikin ƙoshin lafiya. Sai ta tarar da abin da kowace mace ke tararwa, wato yankewar haila, wadda akasari take zuwa tsakanin shekara 45 da 55. Ana tabbatar da ita idan an yi wata 12 cur ba a ga jini ba.

Daga ina zafin yake?

A jikin mace akwai sinadarin da likitoci ke kira istirojin. Shi ke sa fatar cikin farji ta yi kauri da laushi, ta riƙa samun damshi, ta kuma iya buɗewa ba tare da ta tsage ba. Idan haila ta yanke, sinadarin yakan ragu ƙwarai. Sai fatar ta yi siriri, ta bushe, hanyar ta ƙuntata. Daga nan kwanciya takan zo da raɗaɗi kamar an zuba barkono, wani lokaci da ɗan jini, ko zafin fitsari da yawan jin sa. Idan mace ta sha wannan wuya sau biyu sau uku, jikinta yakan ɗaure da kansa don tsoro tun kafin miji ya kusance ta, zafin kuma ya ƙaru. Zafin jiki mai tasowa da gumin dare sukan lafa da shekaru, amma wannan bushewa ba ta tafiya da kanta. Ƙaruwa take yi idan ba a kula da ita ba.

Wani bincike da aka fitar a Ingila a 2018, wanda ya shafi mata 869 masu ɗauke da ƙwayar, ƴan shekara 45 zuwa 60, ya nuna cewa kusan biyu cikin kowaɗanne uku suna fama da irin wannan damuwa ta gaba da mafitsara, kuma ƴan kaɗan ne aka bai wa magani. Idan haka ta faru a inda asibiti ke ƙofar gida, ina ga matar ƙauye wadda sai ta shiga mota ta je Damazin, ta kuma tarar likitan namiji ne?

Nauyin mai ƙwayar ya ninka na sauran mata. Tana zaton cutar ce ta taso mata, ko maganin ne ke cin jikinta, har wata ta daina sha. Wannan babban kuskure ne, domin barin magani shi ke ba ƙwayar damar farfaɗowa. Tana kuma tsoron ta yi magana a gori mata abin da take ɗauke da shi, ko a yi mata kishiya, ko a sallame ta. Sai ta cije, ta yi shiru.

Gyaran da ke ɓarna

Matan aure a Sudan sun shahara da dukhan, wato turaren tsuguno da itacen da suke kira talih. Mu kuma muna da kayan matsi da alimun da saiwoyi iri-iri. Duk waɗannan aikinsu tsotse damshi da tsuke gaba. Macen da ta riga ta bushe, idan ta ƙara da su, garin neman gira ta rasa ido. Haka nan wanke cikin farji da sabulu ko ruwan Dettol yana kashe ƙwayoyin kirki da ke tsaron wurin. Ruwa zalla daga waje ya wadatar.

Akwai kuma batun kaciya. Ƙidayar 2014 ta nuna cewa kimanin 87 cikin 100 na matan Sudan masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu ita, kuma a 2020 ne dokar ƙasar ta haramta ta da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara uku. Wadda aka yi wa kaciyar fir'auna, ko aka sake ɗinke ta bayan haihuwa, tabonta ba ya miƙewa, kuma da girma yakan ƙara tauri. Likitan mata na iya buɗe ɗinkin da ɗan ƙaramin aiki. Yankan gishiri kuwa, wanda wanzami ko ungozoma ke yi da sunan buɗe hanya, a guje shi. Yana jawo zubar jini da yoyon fitsari, askar kuma tana iya kai ƙwayar ga wani.

Abin da ke magani

Na farko, man sulɓi da ake sayarwa a kantin magani, wanda aka haɗa da ruwa ko silikon. Ana shafa shi a lokacin kwanciya. Mai amfani da kwaroron roba kada ta sa basilin, ko man riɗi, ko man kaɗanya, ko man zaitun, domin mai yana cinye robar har ta fashe.

Na biyu, kuma mafi inganci, man istirojin na sakawa a farji, da izinin likita. Akan sa shi kowane dare na mako biyu ko uku, sannan a koma sau biyu a mako. Abin da ke shiga jini daga cikinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma ba ya karo da Dolutegravir, maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2019. Sauƙi yakan fara bayyana cikin ƴan makonni, ya cika wajen wata uku. Wadda ta taɓa yin sankarar nono, ko take ganin jinin da ba a san dalilinsa ba, ta faɗa wa likita kafin ta fara.

Na uku, a duba ko akwai wani ciwo a ƙarƙashi. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, ƙuraje masu fashewa, ciwon sanyi da ciwon sukari duk suna sa zafi, kuma kowane da nasa magani.

Jini ba a yi masa shiru

A mazhabar Malikiyya, jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 da 70 ana tambayar mata masana a kansa, ko haila ne ko a'a. Wannan hukuncin salla da azumi ne. Hukuncin lafiya kuwa shi ne duk jinin da ya zo bayan haila ta yanke, ko bayan kwanciya, a kai shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da sankarar bakin mahaifa har ninki shida, kuma ta ba da shawarar a riƙa duba ta tun daga shekara 25, duk bayan shekara uku zuwa biyar. Wannan sankara tana warkewa idan an gano ta da wuri.

Lafiyar maigida

Ilimi ya tabbatar cewa wanda ke shan magani a kan kari, har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar kwanciya. Amma sharaɗin shi ne maganin bai yanke ba. Rikicin 2022 ya raba dubban Hausawan Nilul Azraƙ da gidajensu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya rufe asibitoci ya toshe hanyoyi, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da Sinja a Yunin 2024. Duk wadda maganinta ya yanke a irin wannan hali, ta koma kansa da zarar ta samu, ta adana katinta na asibiti, a yi amfani da kwaroron roba har gwajin jini ya nuna ƙwayar ta sake kwanciya. Fatar da ta tsage ƙofa ce ga cuta, daga mace zuwa namiji da daga namiji zuwa mace.

Kira ga mazaje

Malam, matarka ba ƙin ka take yi ba, ba kuma asiri aka yi muku ba. Ciwo ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suratun Nisa'i ta umurce ka da kyautata zama da ita, malaman fiƙihu kuma sun haɗu a kan cewa cutarwa kawar da ita ake yi. Ka ba ta lokaci, ka tsawaita wasa da kalamai masu daɗi, ka dakata idan ta ce akwai zafi. Ka biya kuɗin mota da na magani, ka raka ta asibiti. Macen da ta haifa maka ƴaƴa, ta yi jinyarka, ba yanzu ne za ka juya mata baya ba.

Ke kuma Hajiya, idan bakinki ya yi nauyi gaban likita namiji, ki nemi ungozomar asibiti ko ma'aikaciyar da ke ba ki magani, ki ce mata: ina jin zafi idan maigida ya kusance ni. Wannan jimla ɗaya ta isa ta buɗe miki ƙofa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasar Sudan lafiya, Ya sanya albarka a gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.