Kirsimeti Da Hanyar Gida

Jama'a, bikin Kirsimeti ya matso. 'Yan'uwanmu Kirista na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun saba ɗinka wa yara sababbin tufafi, a dafa shinkafa a aika wa maƙwabta, sa'an nan a kai yaran ƙauye su gai da kakanni.

To, ina hanyar? Tun ran 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara, wace uwa ce ke shiga mota da goyo hankalinta kwance? Ga kuɗin mota ya hau tun janye tallafin mai a 2023.

Lalle hukuma ta zuba 'yan sanda a hanyar Sheme tun jajibiri. Ku kuma 'yan kasuwa, ku sassauta kuɗin atamfa da takalman yara.